Gaisuwa ta Biyu

Naman sa a kwali, an ɗaure shi da kyalle ruwan zinare. Busasshen kifi jere a igiya. Ruwan saiwar magani da ake kira insam, wanda Umma ta ce shi kaɗai cikin Abba yake karɓa yanzu. Safa sabuwa, baƙa, har da ta ko-ta-kwana. Hula mai baki da takunkumin fuska. Zobe a yatsana, na juya dutsen ya kalli tafin hannu. Abin da muka ɗauko ke nan.

Jirgin ƙasa mai zuwa Andong ya riga ya shiga cikin duwatsu. Dujin, saurayina, yana gefen taga, ya ja hula har gira. Kwat ɗin jikinsa na aro ne, shuɗi mai duhu, hannun ya yi masa gajere.

"Sau nawa?" na ce.

"Ɗaya."

"Daga nan?"

"In miƙe, in ɗan sunkuya, in zauna a kan gwiwa, in kama bakina."

"Sau nawa?"

"Sorim, a ƙasar nan aka haife ni. Ke ce kika yi shekaru a waje, ba ni ba."

"Sau nawa?"

"Ɗaya, ranki ya daɗe."

Waɗanda suke tare da ni tun farkon labarin nan ku yi haƙuri, zan maimaita saboda sababbin zuwa.

Ina Jamus ina karatun aikin ruwan famfo lokacin da wata tashar talabijin ta fara nuna wasan barkwanci mai suna *'Yan Kogo a Gidan Haya*. Mutanen zamanin dutse su uku suka narke daga cikin ƙanƙara, suka kama ɗaki a Seoul, suna yawon neman aiki. Dujin ne ƙaraminsu, Umba, mai gashi har kafaɗa da goshin roba da fatar damisa. An shirya wasan zai shekara. Bai rufe wata biyu ba aka cire shi, aka sa shirin girki a gurbinsa.

Fitowa guda ce ta kashe shi. Umba ya je gaida uban budurwarsa. Ko yaron da bai fara makaranta ba ya san mai rai sau ɗaya ake faɗuwa a gaishe shi, goshi a kan hannu. Sau biyu na gawa ne da kabari. Umba ya faɗi sau ɗaya, ya ga tsohon ya yi murmushi, sai ya ce bari ya ƙara masa. Aka saki dariyar inji. Kuma wani mai wayo a tashar ya zaɓi ranar sabuwar shekara ya nuna wannan, ranar da tsofaffin kowane gida suke zaune gaban talabijin, jikoki sun gama faɗuwa gabansu.

Tsofaffi suka hana wayar tashar hutawa. Masu sharhi a jarida suka ce wasan babu dariya babu tarbiyya. Matasa kuwa ba su taɓa kallonsa ba, amma suka yanko wurin nan suka mai da shi abin turawa a waya. Ka faɗi jarrabawa, a turo maka Umba. An lallasa ƙungiyar ƙwallonka, Umba. Budurwa ta rabu da kai, Umba. Ma'ana, taka ta ƙare. Wasan ya mutu, hoton ya ƙi binsa. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru masu zaure a intanet, har yau suna roƙon tashar ta dawo da shi. Dujin ya ce rabinsu uwarsa ce da sunaye daban-daban.

Daga nan babu wanda ya sake ba shi likita ko saurayi ko ma ɓarawo ya fito. Walimar kamfani, buɗe sabon kanti, bikin abokai, a nan ake ɗaukarsa haya. Ya sa fata, ya faɗi sau biyu gaban wanda aka nuna masa, a yi shewa. Da wannan yake biyan ɗaki.

Ni ban san ko ɗaya ba. Satin da na dawo na ɓata a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tambayi wani dogo hanya. Na kalle shi cikin ido, ya nuna mini, na yi godiya. Sai ya biyo ni da gudu ya ce, "Ki gafarce ni, da gaske ba ki san ni ba?" Na ce, "Ya kamata in san ka?" Ya ce, "A'a. Don girman iyayenki kada ki bincika."

Na bincika daga baya. Na kalla duka. Ba wasan kirki ba ne. Amma mutum ne ya zo inda bai san da wane hannu ake karɓar kofi ba, kowa yana masa dariya. Ni ma a watannin nan haka nake a ofis. Ban gaya wa kowa ba.

Wayata ta yi ƙara. Umma.

*Kun kai ina?*

*Siket za ki sa, ba wando ba.*

*Kada ki zo da baƙin kwat ɗin nan naki na Turai. Ba gidan makoki za ki ba.*

*Goggonki tana nan tun safe.*

Na kalli kwat ɗin da ke kan cinyata. Baƙi ne. Na juya shi, cikin ya koma waje.

Goggo Malsun, yayar Abba, ba ta iya rubutu mai tsawo a waya ba, amma ta iya tura hoto. Ta turo na wani mai sanƙo da murmushin katin shaida. A ƙasa: *Ma'aikacin gunduma. Yana da gida. Bai taɓa sa fata ba.*

Dujin ya sauke takunkumi don ya sha ruwa. Kuskure. Wani magidanci a kujerar da ke kallonmu, fuskarsa ta yi ja da giya tun da hantsi, ya buga cinyarsa.

"Kai! Ba kai ba ne? Uwar yara, duba! Umba!"

"Sannu da hutawa, yallaɓai," in ji Dujin.

"Yi mini a nan, a tsakiyar nan. Zan tura wa shugaban sashenmu, ritayar dole za a yi masa. Yi mana, ba ka da tsada ai!"

"Yau ba na aiki, yallaɓai."

"Ji shi, wai ba ya aiki! Da can kana yi ne?"

Matar ta ja hannun rigar mijin, ta juyo wurina da fuskar ta'aziyya. "Ni kam wasan nan ya ba ni tausayi, 'yan mata. Kullum sai in kunna don in taimaka musu, sai barci ya ɗauke ni."

Dujin ya tsaya suka ɗauki hoto. Ya yi murmushi har da ɗaga yatsu biyu. Da ya zauna na ga gumi a bayan wuyansa. Na ɗora hannuna a gwiwarsa.

"Ɗaya," ya ce a hankali, ban tambaye shi ba.

Gidanmu yana ƙarshen ƙauye, bayan gonar tuffa. Ƙofar katako, rufin yumɓu, tulunan daddawar wake jere a gefen tsakar gida. Kanya ta bana an fere ta an rataye a igiya ƙarƙashin rufi, amma ba ta kai rabin ta kullum ba. Abba ne yake hawa tsani. Na lura. An ce mini aikin gyambon ciki aka yi masa da damina, yana samun sauƙi, kada in bar sabon aiki in zo. Na yarda. A Jamus an koya mini in an faɗa maka abu, shi ke nan abin.

Umma ta fito sanye da wandon aiki mai furanni da rigar ulu ruwan ƙasa. Ta rame. Ta kalli kwat ɗin da ke hannuna, ta karɓe shi, ta jefa shi ɗakin ajiya. Dujin ya sunkuya har ƙugu, ya miƙa kaya da hannu biyu.

"Kun sha hanya," ta ce wa kwalin naman.

Goggo tana bakin baranda da sandarta. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe goshin ba haka yake ba."

"Na roba ne, Goggo," na ce.

"Ban tambaye ki ba. Kai, danginku na Pyo, na wane gari ne?"

Ya faɗa mata. Ta taɓe baki, alamar ba ta taɓa jin wani abin kirki ya fito daga can ba.

"Dujin, cire takalmi," na ce.

"Ji ta! Sunansa take kira garau, kamar ɗan da ta goya. Ko Yaya babu. Abin da aka tura ki ki koyo ke nan?"

Ku fahimci wane ne Abba. Tsohon shugaban firamare ne, kuma duk danginmu shi ake kira ranar tunawa da kakanni. Shi yake cewa wane ya tsaya nan, kan kifi ya kalli gabas, wane ya zuba giya. Ya taɓa mai da surukin baffana bakin ƙofa ya sake shigowa saboda ya taka dokin ƙofa. Yardarsa muka zo nema. Idan ya ce e, Umma za ta yi gunaguni ta bi, Goggo ta yi zagi ta zo biki.

Yana zaune a ɗakin ciki kan matashi, bayansa a miƙe, cikin rigar gargajiya ruwan toka da ake fito da ita don baƙi. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Daɓen ɗakin, da ake hura wa wuta ta ƙarƙashi, yana da ɗumi har yana ƙona tafin ƙafa, amma da hular ulu a kansa.

"Abba, mun iso."

"Na ji Goggonki tana muku maraba."

Dujin ya tsaya gabansa. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin an yi gaisuwar nan da kyau haka ba. Hannun hagu a kan na dama, ya ɗaga su daidai ido. Gwiwar hagu ta sauka, ta dama ta bi. Goshi ya sauka kan hannu a hankali, ya tsaya gwargwadon numfashi. Ya miƙe babu tangaɗi, babu dafa ƙasa. Ko Goggo sai da ta rufe baki.

Na saki numfashi.

Sai Abba ya yi murmushi. Ɗan ƙarami, irin na malamin da ɗalibi ya burge shi. Na manta rabon da in gan shi.

Gwiwar Dujin ta hagu ta sake sauka.

Na gani. Na buɗe baki, sunansa ya maƙale. Shi ma ya gane, na ga bayansa ya ƙage a rabin hanya, amma jiki ya riga ya tafi. Gwiwar dama. Hannu. Goshi.

Bai ɗago ba.

Umma tana bakin ƙofa da farantin shayi. Ba ta yar ba. Ta durƙusa ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ko kofi ɗaya bai yi ƙara ba.

"Wayyo ni!" Goggo ta buga sanda a daɓe. "Ya binne shi! Ya binne mini ƙane da ransa! Ban ce muku ba? Ni da hannuna na buga wa tashar nan waya, na ce wannan yaron zai jawo wa wani gida bala'i. Ashe namu ne!"

"Yaya, ya isa," in ji Abba. Ya kalli ƙeyar Dujin. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba. "Ka yi gaggawa, saurayi. Likita ya ce sanyin bana nawa ne. Furen baɗi ne bai yi mini alkawari ba."



"Wane likita?" na ce.

Goggo ta daina kuka kamar an kashe rediyo.

"Abba, wane likita? Na gyambo?"

"Ba gyambo ba ne," in ji Umma. Bango take kallo.

Na kalli hular. Na kalli wuyan rigar. Na tuna kanyar da ba ta kai rabi ba, da ruwan insam, da baƙin kwat. Komai yana gabana tun daga jirgi. Ni da aikina shi ne gano inda bututu yake yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Dujin ya ɗago. Fuskarsa babu jini. "Baba, ku yafe mini, ban..."

"Wa ne babanka?" Goggo ta daka masa tsawa.

"Fita," in ji Umma. Ba ta ɗaga murya ba. "Don girman iyayenka, fita."

Ya fita da baya, yana sunkuye. Ya sauka daga baranda ya manta takalmi, ya ratsa tsakar gida da safa. Umma ta bi shi. Ta ɗaga murfin tulun gishiri, ta cika hannu, ta watsa masa a baya kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga jana'iza. Ta sake cikawa ta watsa a bakin ƙofa. Ta kwaso nama da kifi da insam ta dire a waje. Goggo tana biye da ita tana ba da umarni.

Ni ban bi su ba. Kada ku tambaye ni dalili. Ƙafata ce ta ƙi.

Abba ya cire hular ya ajiye a gwiwa. Kan fes, har jijiyoyi ana gani.

"Zafi take da shi," ya ce. "Uwarki ta ce in sa."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Kin sami aiki. Kuma ba ki iya ƙarya ba, a can suka cire miki ita. Da kin sani, da kin zo kin zauna kina kallona kamar yadda kike yi yanzu."

Na kawar da kai. Ban yi kuka ba. Ina faɗa ne don na san akwai masu rubuto mini cewa zuciyata dutse ce. Ku rubuto.

"Ba da gangan ya yi ba, Abba."

"Na sani. Na ga bayansa lokacin da ya gane." Ya shafa kai. "Na kalli wasan nasa, kin sani?"

"Kai?"

"A asibiti. Na gadon kusa da ni ya nuna mini a waya. Wasan banza ne. Na kalla duka, na koma farko. Akwai inda ƙofar gilashi ta buɗe masa da kanta, ya tsaya yana mata godiya, ta rufe, ya matsa ta buɗe, ya sake godiya. Ranar da aka fara ɗaura mini ruwan nan mai zubar da gashi na gan shi. Na yi dariya har ma'aikaciya ta leƙo." Ya yi tari. "A asibitin ni ma ban san dokar komai ba. Yarinya sa'arki tana ce mini kwanta, tashi, buɗe baki. Har na rubuta wa tashar su dawo da shi."

"Da sunanka?"

"Haba. Da sunan uwarki."

Dariya ta kuɓuce mini, mummuna, ta hanci.

"To ka yarda?"

"Ni na yarda tun faɗuwar farko. Amma ni mai tafiya ne, Sorim. Ita za ta rage a gidan nan, ita za ta riƙa ganin fuskarsa. Ki je wurinta." Na miƙe. Ya ce, "Tsaya. Ranar da za a yi mini sau biyun na gaskiya, ki kira shi. Duk dangin nan babu mai faɗuwa kamar yaron nan. Baffanki kamar buhu yake zubewa."

"Abba."

"Umarni ne. Je ki."

Umma tana madafa tana yanka farin radish, saiwar nan mai kama da karas, ƙanana ƙanana, fiye da abin da mutum goma za su ci. Na tsaya bayanta.

"Kuskure ne, Umma. Jikinsa ne ya saba. Aikinsa ke nan, in aka yi masa murmushi..."

"Kina tsammani ban sani ba?" Wuƙar ba ta tsaya ba. "Na san kuskure ne. Yaron ba mugu ba ne, idona ya gani."

"To me ya sa gishiri?"

"Tun damina nake gadin gidan nan. Na hana farin fure na makoki shigowa. Na hana a tsaida cokali a kwanon shinkafa kamar abincin da ake ajiye wa matattu. Na kwashe jajayen alƙaluman ubanki na makaranta na ƙona, kada wani ya rubuta sunansa da su kamar na mamaci. Maƙwabta in sun tambaya, gyambo. Ke in kin bugo waya, gyambo. Ni kaina in na kwanta, gyambo. Abin nan bai taɓa samun ƙofa ba." Ta ajiye wuƙar. "Shi ya shigo da shi. Da sabuwar safa."

"Abba ya yarda."

"Ubanki yanzu komai ya yarda. Shi ya sa nake tsoro." Ta juyo. Idonta a bushe, irin nawa. A wurinta na gado. "Ki saurare ni. Muddin yana numfashi, ƙafar yaron nan ba za ta taka gidan nan ba, kuma ba za a yi maganar aure ba. Bayan nan ki yi abin da kika ga dama. Ba ni da ƙarfin hana ki."

Ta koma kan radish.

Na tsaya ina juya maganar. Ba ta hana ni ba. Rana ce ta sa mini, ranar mutuwar Abba.

Na ɗauki takalmansa daga ƙarƙashin baranda. Ya goge su da safe har suna ƙyalli. Goggo tana zaune tana fifita da hannu.

"In kin fita ki watsa wa kanki gishiri kafin ki dawo. Kuma mutumin gunduma Lahadi yake hutu."

Na fita da takalman.

Yana nan a waje, gefen kayan, bai matsa ko taku ɗaya ba. Gishiri a kafaɗun kwat ɗin aro, gishiri a gashi. Safar ta jiƙe da laka. Tsofaffi mata biyu a ƙetaren hanya sun ajiye kwandon barkono suna kallo. Na ji ɗaya tana cewa, "Shi ne mana, na talabijin. Ya fi kyau da gashin."

Na ajiye takalman gabansa.

"Murmushi ya yi, Sorim," ya ce. "Da ya yi murmushin sai na ji kamar an kunna fitilu. Ban san lokacin da..."

"Na sani."

"Da gaske ne abin da ya faɗa?"

"Da gaske ne."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Hannun kwat ɗin ya ja baya har gwiwar hannu.

"Zan dawo gobe in durƙusa a nan. Jibi ma. Har Mama ta..."

"Kada ka durƙusa a ƙauyen nan. Za su ƙirga."

Ya yi wani sauti, ban san dariya ba ce ko me.

"Me ta ce?"

Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, har na ga wani haske ya dawo idonsa. Hasken nan ne ya ƙarasa ni.

"To ai ba ta hana ba," ya ce. "Zan jira. Ko shekara nawa ne."

"Ba shekaru ba ne. Shi ya sa."

"Ban gane ba."

"Zan zauna gefen gadonsa ina ba shi magani. Wayata za ta yi ƙara, kai ne, zan ji daɗi. Zan yi kewarka. Duk ranar da na ce yaushe zan gan ka, ka san abin da nake tambaya?"

Ya kalli takalman da ke gabansa.

"Ba zan iya ba, Dujin. Ba zan riƙe hannunsa ina da abin da nake jira ba."

"Ba sai kin jira ba. Ni zan jira, ke ki manta."

"Ban iya ƙarya ba. Yanzu aka tuna mini."

Zoben ya ƙi fita da farko. Na murɗa shi, ya fita ya bar farin layi. Bai miƙo hannu ba, sai na sa masa a aljihun gaba na kwat. Na kakkaɓe masa gishirin kafaɗa. Bai kamata ba, amma na yi.

"Ka cire zoben kafin ka mai da wa mai kwat kayansa."

"Sorim."

"Abba ya kalli wasanka. Ya ce na banza ne. Ya kalla har ƙarshe ya koma farko. Ƙofar gilashi ta fi ba shi dariya."

Bakinsa ya buɗe. Tun da aka cire wasan yake jin ra'ayin mutane, a jirgi, a kanti, a bayan gida na tasha. Ya saba da zagi, ya san yadda ake masa murmushi. Wannan bai san inda zai ajiye shi ba. Fuskarsa ta narke gaba ɗaya, a gaban matan barkono.

Sauran saƙon Abba ban isar ba. Yana nan a wurina. Ban san ko zan iya buga wayar nan ba in ranar ta zo, ban kuma san ko zai ɗauka ba.

"Motar ƙarfe uku tana tsayawa gaban kantin taki," na ce. "Ka tafi da naman. Ka ba uwarka."

Na koma ciki. Na ja ƙofar, katakon ya yi kukan da yake yi tun ina yarinya, na zura sakata. Ta ƙarƙashi ina ganin safarsa. Bai sa takalman ba.

Umma tana tsaye a bakin madafa da wuƙa a hannu. Goggo ta miƙo mini kwanon gishiri. Na wuce ta.

"Umma, a ba ni bargo, a buɗe mini ɗakina. Ba zan koma Seoul ba. Goggo, ki goge hoton mutumin gunduma, shi ma ba zan gan shi ba. Daga yau ni zan riƙa hawa tsani."